LAMBUN BAYAN GIDA: Tumatir Yana Da Lokacinsa

Ga shi mun shigo watan Satumba, damina ta fara haramar tafiya, gero ya nuna, dawa kuma tana fid da kai. A filinmu na wannan wata za mu yi maganar tumatir, gama yanzu ne ya kamata a fara shirinsa, ba sai an gama kai amfanin gona rumbu ba.

Abin da ya sa na zaɓi wannan magana shi ne wasiƙar da wata 'yar'uwa cikin Zumuntar Mata ta aiko mini daga ƙasar Tangale. Ta ce duk shekara, in watan Yuni da Yuli suka zo, tumatir ne ke cinye mafi yawan kuɗin cefanen da maigida ya ba ta, har wani lokaci abin yakan kawo ɓacin rai tsakaninsu. Don haka ta yi niyyar shuka nata a bayan ɗaki. Sau biyu tana shukawa. Tumatirin ya tashi kore shar, ya yi fure tuli, amma furen duk ya kakkaɓe, ko ɗa guda ba ta tsinka ba. Maƙwabta suka ce ƙasar gidan ce ba ta karɓar tumatir. Wata tsohuwa kuwa ta ce kambun baka ne, sai a nemo laya a rataya a shinge. 'Yar'uwar nan ta ƙi, amma ta ce zuciyarta ta yi sanyi, tana tambaya ko hannunta ne ba shi da albarka.

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Hannunki lafiya lau yake, ƙasar gidanki ma haka, kuma kin yi daidai da kika ƙi layar nan. Amsar tana cikin wasiƙarki, inda kika ce a watan Fabrairu kika yi shuka, sa'ad da kika ga tumatir ya cika kasuwa ya yi araha. Ni ma na taɓa faɗawa wannan rami. Shekarar da na fara lambu, a ƙarshen Fabrairu na yayyafa iri. Na sha ɗaukar ruwa safe da yamma har kafaɗata ta yi kanta, ina ta nuna wa baƙi kyan ganyen. Da Afrilu ya zo, sai furen ya riƙa zuba ƙasa kamar ana karkaɗe shi. Wani dattijo mai noman fadama ya leƙo ta kan danga, ya yi dariya ya ce mini na zo kasuwa bayan ta watse.

ABIN DA KE KAKKAƁE FURE

Asalin tumatir daga ƙasashen tuddai ne na yammacin Amurka ta Kudu. Shi ya sa har yau halinsa bai sāke ba: yana son rana mai ɗumi, amma dare mai sanyi. A cikin kowane fure akwai wani ɗan gari mai ruwan ɗorawa, wanda sai ya faɗa inda ya kamata a cikin furen kafin ɗa ya ƙullu. In zafin rana ya riƙa wuce digiri 32, na dare kuma ya ƙi sauka ƙasa da digiri 21, wannan gari yakan lalace, furen ya bushe ya faɗi. A yawancin ƙasarmu ta arewa, haka bazara take daga Maris zuwa Mayu. Wanda ya shuka a Fabrairu, furensa zai fito ne a tsakiyar wannan zafi. Ko kogi ya juye masa, ganye kawai zai samu.

Da damina kuma wata wahala ce dabam. Ruwan sama yakan fantsamo ƙasa a kan ganye, laima ta yi yawa, cututtukan ganye da ruɓewa su kama shi. Abin da ke sa tumatir tsada daga Mayu zuwa Agusta ke nan. Mutanen tudun Jos su ne suka ɗan fi mu sauƙi, domin sanyin ƙasarsu.

Ku dubi manoman Kadawa da Kura a Jihar Kano, waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga, da sauran masu noman fadama. Da ɗaukewar ruwa suke dashe, domin furen ya tarar da sanyin hunturu. Daga Janairu zuwa Maris kuwa sai ka ga manyan motoci shaƙe da kwanduna sun nufi Legas. Ƙasarsu ba ta fi taku ba, lokaci suka sani. Ga lissafin: mako huɗu a wurin reno, sa'an nan wata biyu zuwa biyu da rabi daga dashe kafin a fara tsinka. In ka yayyafa iri a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, za ka yi dashe a ƙarshen Oktoba ko Nuwamba, ka fara cin tumatirinka a Janairu. In Disamba ya same ka ba ka yayyafa ba, ka makara. Tun ran gini tun ran zane.

WURI DA IRI

Ba a bukatar babban fili. Wurin da tabarma biyar za su rufe ya isa gindi talatin, wannan kuwa zai ɗauki miyar gida har a sami saura. Amma wurin ya zama yana samun rana aƙalla awa shida, kada ya zama ƙarƙashin mangwaro ko inuwar katanga. Kada kuma a shuka inda bara aka yi tumatir, ko tattasai, ko attaruhu, ko gauta, ko dankalin Turawa. Dukansu dangi ɗaya ne, ciwonsu ɗaya, yakan kuwa kwanta cikin ƙasa ya jira. Inda aka cire masara ya fi. Kafin kome, a kewaye wurin da danga mai ƙarfi, gama akuya ɗaya ko kaza mai 'ya'ya ta isa ta gama da aikin wata guda kafin a taso daga sujada. Waɗanda ke zaune a gidan haya cikin birni, su cika tsohon buhu ko fasasshen bokiti da ƙasa da taki, su huda gindinsa, gindi ɗaya a kowane buhu.

Batun iri, wanda aka fi sabawa da shi a noman rani shi ne mai dogon ɗa da kauri, irin su Roma VF da UC82B. Ba su da ruwa da yawa, ba su saurin ruɓewa, sun kuma fi kyau wajen shanya. A saya a wurin mai sayar da iri da aka amince da shi, a duba kwanan watan da ke jikin takardar. In ba ka gane ba, ka tambayi malamin gona na yankinku, aikinsa ke nan.

RENO

Tumatir kamar jariri yake, makonni huɗun farko su ne ginshiƙin rayuwarsa. A tayar da ɗan fangali mai faɗin kamu biyu, a farfasa ƙasar ta yi laushi, a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki wanda ya riga ya koma kamar baƙar ƙasa. Yana da kyau a tara busasshiyar ciyawa a kai a ƙone kwana biyu kafin shuka, domin wutar takan rage ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Sai a ja layi da yatsa, zurfinsa kada ya wuce faɗin farce, tsakanin layi da layi kuma faɗin tafin hannu. A yayyafa irin sama-sama, kada a cunkusa. A rufe da ƙasa mai laushi, a shimfiɗa ciyawa kaɗan a bisa, a ba da ruwa da gwangwanin da aka huhhuda gindinsa da ƙusa, don kada ƙarfin ruwa ya tone irin.

Cikin mako guda ko kwana goma zai tsiro. Ranar da ka ga ya fara leƙowa, ka kwashe ciyawar, ka yi masa 'yar rumfa mai tsawon gwiwa wadda rana ke ɗan ratsawa. Inda ya yi cunkoso a cire raunana, a bar tazarar yatsa biyu. A nan ne mata da yawa ke yin kuskure don ƙauna: suna ba da ruwa fiye da kima. In ka ga tsiro yana ruɓewa daidai wuyansa yana kwantawa, ruwa ne ya yi yawa, iska kuma ba ta ratsawa. A mako na huɗu a riƙa rage rumfar kaɗan kaɗan, a rage ruwa, domin tsiron ya saba da wahala kafin ya bar gida.

DASHE

In tsiro ya yi ganye huɗu ko biyar, tsawonsa ya kai kamar santimita 15, jikinsa ya yi ƙwari, ya isa dashe. Kada a bar shi ya tsufa a wurin reno har ya yi dogon wuya. A jiƙa fangalin sosai kafin a cire, a ɗago kowane tsiro da ƙasarsa da tsohon cokali. Da yamma ake dashe, bayan rana ta yi sanyi, domin ya sami daren farko ya huta.

A bar kamu ɗaya tsakanin gindi da gindi, kamu ɗaya da rabi tsakanin layi da layi. Na san zuciya za ta ce wurin ya yi yawa, amma gindi talatin masu sarari sun fi sittin da ke danne juna. A zuba ruɓaɓɓen taki cikin hannu biyu a kowane rami, a gauraya da ƙasa. A binne tsiron har zuwa ƙarƙashin ganyen farko, gama jikin tumatir yakan fid da sabuwar saiwa duk inda ƙasa ta rufe shi. A danna ƙasa a hankali, a ba shi ruwa nan take. A ajiye 'yan tsiro biyar ko shida a wurin reno don cike gurbin waɗanda suka mutu.

RUWA DA TAKI

Tumatir yana son ruwa a kan ka'ida, ba yau ambaliya gobe ƙishi ba. Makon farko a ba shi kowace rana. In ya kama, kwana biyu ko uku sau ɗaya ya isa a ƙasa mai riƙe ruwa, amma a jigawa, ko cikin buhu, sai kullum. Ka tura yatsa cikin ƙasa, in ka ji danshi ka bar shi. A zuba ruwan a gindi, kada a wanke ganye. Ruwan da aka wanke shinkafa ko hatsi da shi yana da kyau, amma ban da ruwan wanki mai kumfa ko mai gishiri. A rufe gindin da ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa, wannan zai rage muku tafiya rijiya ƙwarai.

Wani lokaci za ku ga ƙasan ɗan tumatir ya yi baƙi ya lotsa. Mutane sukan ruga sayen maganin feshi, amma ba ƙwari ba ne. Sinadarin kalsiyam ne bai kai ga ɗan ba, mafi yawa kuwa don an bar shukar ta sha ƙishi sa'an nan aka cika ta da ruwa. Haka ma tsagewar 'ya'ya. Maganin duka biyu shi ne daidaita ban ruwa.

Wanda ke da halin takin zamani, mako biyu bayan dashe ya sa NPK 15-15-15 cikin murfin kwalbar lemo ɗaya ga kowane gindi. A zagaya da shi nesa da jikin shukar kamar faɗin tafin hannu, a rufe da ƙasa, a ba da ruwa. A sake sa'ad da fure ya fara. A yi hankali da yuriya da ɗanyen kashin kaji, in sun yi yawa sai shukar ta tafi ganye ta manta da 'ya'ya. Tokar murhu kaɗan a gindi tana taimako.

In shuka ta kai gwiwa, a kafa mata sanda, a ɗaure ta sakwa-sakwa da tsumma, domin 'ya'yan kada su kwanta a ƙasa su ruɓe. A cire ganyen ƙasa da ke taɓa ƙasa. Amma irin Roma ba ya son yawan aski, gama tsawonsa yana da iyaka. In ka yanke rassansa ka rage 'ya'yanka, rana kuma ta ƙone waɗanda suka rage.

ABOKAN GABA

Da yawa cikinmu ba mu manta da shekarar 2016 ba, sa'ad da wata 'yar tsutsa mai suna Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa suna Sharon, ta cinye gonakin tumatir a arewa, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Daga Amurka ta Kudu ta fito, ta shiga Sifen a 2006, daga can ta bazu zuwa Afirka. Tana shiga cikin naman ganye ne tana ci daga ciki, sai ka ga wani farin tabo shara-shara kamar takarda, daga baya ta huda 'ya'yan. Tana saurin sabawa da magungunan feshi. Amma mai ƙaramin lambu yana da abin da mai babbar gona ba shi da shi, watau zai iya duba kowane gindi kowace safiya. Duk ganyen da ya yi tabon nan a tsinke shi a jefa cikin wuta. Wannan aiki ne mai kyau ga yara kafin su tafi makaranta, idonsu ya fi namu.

Akwai kuma wani ɗan farin ƙuda da ke ɓuya a bayan ganye. Shi ke ɗauko ciwon da ke sa ganye ya nannaɗe ya yi ruwan ɗorawa, shukar ta tsumbure. Wadda ta kamu ba ta warkewa, a tuge ta a ƙone tun ba ta shafa wa sauran ba. Haka kuma wadda ta yanƙwane farat ɗaya tana kore, alhali ƙasa da danshi. In ka tuge shuka ka ga saiwarta ta yi ƙulli-ƙulli, wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, baɗi sai a sāke wuri.

Maganin da ke ƙofar gidanmu shi ne dogon yaro. A daka busassun 'ya'yansa kamar rabin kilo, a jiƙa cikin bokiti mai lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu kaɗan, a fesa da yamma sama da ƙarƙashin ganye, mako-mako. A fara tun ƙwari ba su yi yawa ba, gama rigakafi ya fi magani. In dole sai an sayi maganin kanti, a nemi shawarar malamin gona, a kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka, a ɓoye shi nesa da yara, kada kuma a zuba ruwan sha ko mai cikin kwalbarsa. Mai shan taba ko anwuru kuwa ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa shuka, domin akwai ciwon taba da ke kama tumatir. Ga ƙarin dalili ke nan na rabuwa da ita.

TANADIN YUNI DA YULI

Yanzu mu komo ga ainihin damuwar 'yar'uwarmu. Wani zai ce, ina amfanin tumatirin da zai nuna a Janairu, sa'ad da yake araha a kasuwa? Amfaninsa shi ne kauɗa. A tsinki na miyar yau in ya yi ja, sauran kuwa, duk wanda ya nuna sosai ba shi da tabo, a wanke, a tsaga biyu ko huɗu, a barbaɗa gishiri kaɗan, a shanya a kan tabarma mai tsabta bisa rumfa, cikinsa yana duban sama. Kada a shanya a ƙasa ko a bakin hanya inda ƙura da awaki ke bi. A rufe da mayafi shara-shara saboda ƙuda, amma ban da gidan sauro mai magani. A kwashe da dare. Cikin mako guda iskar rani za ta busar da shi. In ya bushe sarai, a zuba cikin tulu ko gwangwani mai murfi a rufe gam. Ranar da ƙaramin kashi a kasuwa ya gagari talaka, uwargida sai ta ɗebi nata ta jiƙa ta niƙa, kuɗin cefanen ya tafi wajen kifi ko littafin yaro.

Kada a manta da irin baɗi. A zaɓi 'ya'ya mafi kyau daga gindi mafi lafiya, a matse cikin kwano, a bar shi kwana biyu ko uku ya yi tsami, a wanke, a shanya a inuwa, a ajiye cikin kwalba tare da ɗan toka. Amma in takardar irin da ka saya tana da alamar F1, kada ka ajiye irinsa, gama 'ya'yansa ba za su yi kamar uwarsu ba. Bayan an gama tsinka, a tuge tsofaffin shuke-shuken a ƙone, kada su zama masaukin ƙwari.

Magidanta, kada ku bar wa mata wannan aiki su kaɗai. Yin danga da haƙa da ɗebo taki naku ne, miyar kuwa tare za a sha. In Allah ya sa albarka, ku tuna da nunan fari a kai gidan Ubangiji, ku tuna kuma da gwauruwar da ke maƙwabtaka da ku wadda ba ta da mai haƙa mata. Wanda irinsa ya yi yawa a wurin reno ya kawo majami'a a raba.

A sujadar iyali ta wannan mako, ku karanta sura 3 ta Littafin Mai-Wa'azi tare da yara, ku nuna musu cewa Allah da ya tsara damina da hunturu da bazara, shi ne ya sa wa kowane aiki lokacinsa. Namu shi ne mu lura, mu bi tsarinsa, mu yi aiki da aminci, girma kuwa daga wurinsa yake. 'Yar'uwa ta Tangale, ki sake gwadawa kafin Oktoba ya ƙare, ki kuma rubuto mana a Janairu mu ji labari.

Wata mai zuwa, in Ubangiji ya bar mu da rai, za mu yi maganar albasa. Allah ya sa albarka ga aikin hannuwanku. Amin.